Mai jitar bas ma makaɗi ne

Abin nan yana ci mini rai a bukukuwan Kaduna. A ɗauko makaɗa, a Barnawa ne ko Unguwar Rimi, sai liƙi ya ƙare kan mawaƙi da mai ganga. Mai jitar bas, wato jitar nan mai kaurin sauti, yana can baya gindin lasifika, ko sunansa mai gabatarwa ba ya kira. Alhali tsirkiyarsa huɗu ce ke ɗaure ganga da waƙa, in ya tsaya masu rawa sai su rikice.

Haba jama'a! John Deacon, tsohon mai bas na ƙungiyar mawaƙa ta Queen a Ingila, shi ya rubuta ɗaya daga waƙoƙinsu biyu da suka zo na ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka a 1980. Namu kuwa ya kwana tsaye, yatsu duk kanta, a sallame shi da kuɗin keke.