Abin da ya kai John Wilkes Booth ga harbin Lincoln

Duk sanda zancen kisan Shugaban Amurka Abraham Lincoln ya taso, akan sallami wanda ya kashe shi da magana biyu: ko a ce mai taɓin hankali ne, ko a ce ɗan wasa ne da kasuwarsa ta mutu, yake neman suna ko ta halin ƙaƙa. Wannan bayani yana da daɗin ji domin yana wanke kowa da kowa, amma tarihin John Wilkes Booth bai goyi bayansa ba.

A ɗauki batun kasuwa tukuna. An haife shi a 1838 a jihar Maryland, a gidan da wasan daɓe gado ne. Mahaifinsa Junius Brutus Booth shahararren ɗan wasa ne da ya taso daga Ingila, yayansa Edwin kuwa ana sa shi a sahun gaba na 'yan wasan Amurka na wancan ƙarni. John ya fara hawa dandamali a Baltimore a 1855 yana ɗan shekara 17. Kafin Yaƙin Basasa tsakanin jihohin Arewa da na Kudu masu neman ɓallewa ya yi nisa ya zama tauraron da ake cika zaure dominsa, ana kiyasta kuɗin da yake samu a shekara da kusan dala 20,000, a lokacin da albashin ƙaramin soja bai kai dala 20 a wata ba. Shi kansa Lincoln ya je kallon wasansa a gidan wasa na Ford da ke Washington a Nuwamban 1863. Gaskiya ne ya yi asara a harkar rijiyar mai a Pennsylvania a 1864, to amma shi ya janye jikinsa daga wasa, babu wanda ya kore shi.

Abin da ya cika masa zuciya tun da wuri shi ne bauta. A Disamban 1859 ya ari kakin wata rundunar sa-kai ta Richmond don kawai ya samu ya tsaya a wurin da aka rataye John Brown, mutumin da ya ɗauki makami don 'yanta bayi. A wasiƙar da ya rufe ya ba mijin 'yar'uwarsa ajiya a 1864, ya rubuta ƙarara cewa an kafa Amurka ne domin farar fata, ba domin baƙar fata ba, kuma bauta alheri ce. Miliyoyin mutane a Kudu, da ba kaɗan ba a Arewa, haka suke gani. Idan wannan hauka ce, to ba shi kaɗai ta kama ba. A gida ɗaya ma an rabu: yayansa Edwin ya ba Lincoln ƙuri'arsa.

Shirinsa na farko ma ba kisa ba ne. Arewa ta dakatar da musayar fursunonin yaƙi, ita kuwa Kudu mayaƙa sun yi mata ƙaranci. Sai Booth ya ƙulla cewa a sace Lincoln a kai shi Richmond, hedkwatar 'yan awaren Kudu, a yi garkuwa da shi har a sako fursunoni. Ya je Montreal a Kanada a Oktoban 1864, inda jami'an 'yan awaren Kudu suke da sansani, ya tara mutane, ya sayi dawakai da makamai, aka tanadi kwalekwalen tsallake kogin Potomac. Ran 17 ga Maris 1865 suka yi kwanton ɓauna a hanyar wani asibitin soja, Lincoln bai biyo ba. Ya sauya shiri ya tafi wani taro a otal ɗin National, otal ɗin da Booth yake kwana.

Daga nan komai ya rushe cikin sauri. Richmond ta faɗi ran 3 ga Afrilu, Janar Lee, babban kwamandan sojojin Kudu, ya miƙa wuya ran 9. Babu sauran inda za a kai wanda aka sace. Ran 11 ga wata Lincoln ya yi jawabi daga tagar Fadar White House, ya ce yana goyon bayan a ba wasu baƙar fata 'yancin zaɓe, musamman waɗanda suka yi aikin soja. Booth yana cikin taron, kuma an ruwaito cewa a nan ya ce wannan ne jawabin Lincoln na ƙarshe. Kwana uku tsakani ya cika maganarsa. Mai neman dalili ya tsaya a wannan jawabi.

Rawar da sana'arsa ta taka ita ce buɗe masa ƙofa. A gidan wasa na Ford yake karɓar wasiƙunsa, kuma da ya je ɗauka da safiyar 14 ga Afrilu ya ji cewa shugaban zai zo kallo da dare. Ya san kowane lungu na ginin, ma'aikata sun san shi, babu mai tambayar tauraro ina za shi. Ɗan sandan da aka ɗora wa gadin ƙofa ba ya wurin. Booth ya shiga, ya tokare ƙofar waje da katako, ya jira wurin da ya san ɗan wasa ɗaya ne kawai a dandamali kuma 'yan kallo za su tuntsure da dariya. Wajen ƙarfe goma da kwata ya harbi Lincoln a ƙeya da ƙaramar bindiga mai cin harsashi ɗaya, ya yanki Manjo Rathbone, baƙon shugaban da ke zaune tare da shi, a hannu da wuƙa, ya diro dandamali yana ɗaga murya da taken jihar Virginia na Latin, mai nufin haka ƙarshen azzalumai yake. Lincoln ya cika washegari da ƙarfe 7:22 na safe.

Sauran shirin, na kashe wasu manyan gwamnati biyu a wannan dare, ya watse, domin makircin da ya rataya a kan mutum uku ya tsaya ne a kan mafi rauninsu. Lewis Powell ya sassari sakataren harkokin waje William Seward a kan gadon jinya, bai mutu ba. George Atzerodt da aka ba mataimakin shugaba Andrew Johnson ya buge da shan giya, ko ƙofarsa bai ƙwanƙwasa ba. Shi kuma Booth ya karye a ƙwaurin hagu, Dakta Samuel Mudd ya yi masa ɗori kafin asuba, tafiyar da ya so ta zama ta kwana ɗaya ko biyu ta koma kwana 12.

Masu cewa son a sani ne ya ingiza shi suna da abin kamawa a nan, kuma bai kamata a raina shi ba. Yana ɓoye a dajin Maryland, abin da ya fi matsa wa mai kawo masa abinci a kai shi ne jaridu. Da ya karanta ya ga har waɗanda ya zata za su yaba masa suna tsine masa, sai ya rubuta a littafin aljihunsa cewa ana farautarsa kamar kare saboda aikin da aka girmama Brutus, wanda ya kashe Julius Caesar na Roma, a kansa. Wata biyar kafin nan shi da yayyensa biyu sun yi wasan Julius Caesar a New York. Ya ɗauki kansa gwarzon da ya kawar da azzalumi, babu shakka. Sai dai tambayar ita ce wane zalunci ya gani a wurin Lincoln, amsar kuma tana cikin wasiƙarsa da jawabin 11 ga Afrilu.

Ran 26 ga Afrilu sojoji suka ritsa shi a rumbun taba na gonar Garrett a Virginia, suka cinna wa rumbun wuta, Saje Boston Corbett ya harbe shi a wuya. Yana da shekara 26. Kotun soja ta ɗaure Dakta Mudd, ta yanke wa mutum huɗu da ta samu da hannu a makircin hukuncin rataya, aka zartar ran 7 ga Yuli, cikinsu har da Mary Surratt, mai gidan hayar da masu makircin suke haɗuwa.

Akan ce Booth bai ci ribar komai ba. Kudu dai bai ceto ta ba, bauta kuma an soke ta a kundin tsarin mulki kafin shekarar ta ƙare. Amma mutumin da Atzerodt ya kasa taɓawa, Andrew Johnson na Tennessee, shi ya gaji kujerar. Ya yi wa manyan 'yan aware afuwa da yawa, ya hau kujerar na-ƙi a kan dokar kare haƙƙin 'yantattun bayi ta 1866 har sai da majalisa ta tsallake shi, a 1869 kuma ya saki Mudd daga kurkuku. An rubuta 'yancin zaɓen baƙar fata a kundi a 1870, amma a yawancin jihohin Kudu bai zauna da gindinsa ba sai da dokar 1965, shekara 100 bayan jawabin da Booth ya tsaya ya saurara.