Ciyawa ta Allah ce, in ji Alhaji

Alhaji Tanko yana da shagon siminti da rodi a unguwar Nima da ke Akra, babban birnin Gana, yana kuma da shanu 28 a wata ruga bayan Afienya, kan hanyar Akosombo. Shagon kullum yana cikinsa, shanun kuwa a waya yake ganinsu. Jauro ne ke kiwonsu, kuma yadda aka saba a filayen Akra, ladansa nono ne: ya tatsa, matarsa ta yi wagashi, wato cuku, ta kai kasuwa. Wata ranar Nuwamba, ƙaramar damina na haramar ɗaukewa, sai ga Jauro ya sauko daga tirotiro, wato motar haya, da sandarsa a kafaɗa.

JAURO: Salamu alaikum. Alhaji, an wuni lafiya? Ya kasuwa?

ALHAJI: Jauro! In gaisuwa ka kawo, ga benci. In maganar kuɗi ce, akawu ya fita.

JAURO: Ai ba ka da akawu, Alhaji.

ALHAJI: Shi ya sa ba zai dawo ba.

JAURO: To, shanu na gaishe ka. Sun ce a faɗa maka ruwa ya kusa ɗaukewa. Masu shinkafar Dawhenya da Asutsuare in sun yi yanka, tattaka tana nan jibge a gona, kuɗin aboboya, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, kawai za a biya a kwaso. Masu tuyar gari ma suna zubar da ɓawon rogo. A shanya, a zuba a buhu, a ajiye wa rani.

ALHAJI: In sayi ciyawa? Ciyawa ta Allah ce! Na je rugar nan a watan Yuni, ciyawa har ƙugu.

JAURO: Ta Yuni ce. Da zai tafi ya tafi da abarsa.

ALHAJI: Kakana a Katsina damina ɗaya yake samu a shekara, ya riƙe garke guda. Nan damina biyu ce: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Saniyar da ta ci damina biyu ta ce yunwa take ji, wallahi kwaɗayi ne.

JAURO: Biyun nan in ka haɗa su ba su kai ruwan Kumasi ba. Kuma kakanka yana da karan dawa da harawa a kan rumfa. Kai me ka ɗora musu?

ALHAJI: Haƙuri.

JAURO: Aradu bara na zuba musu shi. Sun shinshina sun juya.

Nan Ɗan Boko ya ɗago kai daga kwamfuta. Ɗan ƙanwar Alhaji ne, ya gama jami'ar Legon, yana zaman jiran aiki a kan buhunan siminti.

ƊAN BOKO: Kawu, matsalar iri ce. Saniyar Holan tana ba da lita 25 a rana, har ta wuce. Malam Jauro, namu nawa suke bayarwa?

JAURO: Da damina, in maraƙi ya yi mini adalci, lita guda da ɗan wani abu. Da rani sai dai mu gaisa da ita.

ALHAJI: Lita 25! Jauro, ashe shekara da shekaru da shanun banza ka haɗa ni?

JAURO: Kawo ta, Alhaji. Kaska ta yi mata sannu da zuwa, ranar Fabrairu ta raka ta. Namu Sanga ne, uwa muturu, uba farin sa na Fulani. Nonon kaɗan ne, amma suna wayar gari da rai. Waccan a ma'auni ake ba ta abinci, a kunna mata fanka.

ALHAJI: Fanka? Ni mai shagon ba na kunnawa sai baƙo ya zo. Kai, rufe kwamfutar nan.

ƊAN BOKO: To tattakar ma akwai dabara, Kawu. A narka kilo 4 na takin yuriya a ruwa lita 100, a yayyafa wa tattaka kilo 100, a lulluɓe da leda mako 3. Takan yi laushi, kuma ta fi riƙe jikin dabba.

ALHAJI: Taki? Shanu nake kiwo ko masara?

Yaron dai wannan karon gaskiya ya faɗa, amma wanda ya riga ya kawo maganar fanka ba a sake sauraronsa a ranar. Jauro ya koma da kuɗin mota da addu'a mai tsawo.

Fabrairu. Hazo ya rufe gari, leɓe na tsagewa. Wayar Alhaji ta yi ƙara yana tsakiyar ƙirga rodi.

JAURO: Alhaji, wuta ta cinye makiyaya. Masu farautar gyazbi suka kunna, daga nan har gindin duwatsun Shai baƙi ƙirin. Tafkin kuma ya zama taɓo. Jiya sai da muka ja karsana biyu da igiya.

ALHAJI: Ka kai su filin da kuke zuwa bara mana.

JAURO: An zagaye shi da katanga, an sa ƙofar ƙarfe, ga samari masu adda suna gadi. Gidaje za a gina.

ALHAJI: Innalillahi! Wane marar tausayi ne yake toshe wa dabbobi hanya?

JAURO: Ban san mai filin ba. Motar da ta kawo simintin dai na santa. Sunanka ne a jikin ƙofarta.

ALHAJI: Wannan kasuwa ce daban, kar ka haɗa. Ai na ga hoton da ka turo ta WhatsApp. Baƙar saniyar nan ga ciki nan tim, ta yi ƙiba.

JAURO: Leda ce, Alhaji. Ta ruwan sanyi, ta waken shinkafa, ta koko. Duk wadda iska ta kwaso daga titi, in da ɗan gishiri a jikinta, haɗiyewa take. Ba ta narkewa. Cikin ya cika, ita kuma tana ramewa.

ALHAJI: To yanzu me kake so?

JAURO: Tankar ruwa ɗaya. Dusar alkama daga injinan fulawa na Tema. Gishirin lasa. Tattakar da aka ce mu kwasa kyauta, yanzu an ɗaure ta dami dami ana sayarwa.

ALHAJI: Babu mai sauƙi?

JAURO: Akwai dusar da kamfanin giya ke fitarwa bayan sun tace. Shanu na sonta, nono ma yakan ƙaru.

ALHAJI: A'uzu billahi! Shanuna? Ni da na je Makka sau biyu? Kar in sake ji.

JAURO: To.

ALHAJI: ...Ta fi ta alkama araha?

JAURO: Ta fi.

ALHAJI: Bari in tambayi Liman. A'a, dakata, Liman yana da aiki da yawa. Ka ba su da daddare.

JAURO: Kuɗin fa? MoMo ɗina, asusun kuɗi na waya, a buɗe yake.

ALHAJI: Alo? Alo, Jauro? Kai, wannan hazo har waya yake shiga.

Kuɗin wagashin matar Jauro ne suka sayi dusar, ita kuma ta rubuta bashin a zuciyarta, inda ba ya gogewa. Garke ya fita rani ba a rasa ko ɗaya ba, sai dai kowace tana tafiya iska na yi mata jagora.

Da ruwa ya sauka a Afrilu, Alhaji ya ɗauka an gama. Ranar ya je ruga da kansa, ya tarar da Likitan dabbobi ya riga shi.

LIKITA: Sabuwar ciyawa ta sa su zawo, wannan zai wuce. Abin da ba zai wuce da kansa ba, ga shi: kaska ta cika hantsa da ƙarƙashin wutsiya. Ita da jiƙewar fata ke buɗe wa kirci ƙofa, ga uku nan bayansu ya fara ɓawo. A riƙa yi musu wanka da maganin kaska a kai a kai har ruwa ya ɗauke, a ba su na tsutsa, a yi rigakafin ciwon huhu.

ALHAJI: Likita, akwai baƙin mai a garejin maƙwabcina. In an shafa...

LIKITA: In tirotiro ce, a shafa.

JAURO: Kuma manoma sun yi shuka. Sai an ƙaro yaro mai tare su, don saniya ɗaya in ta faɗa gonar masara, abin da za a biya ya fi kuɗinta. Ka dai san abin da ɓarnar gona ta jawo tsakanin manoma da makiyaya a Agogo.

ALHAJI: Da rani kuɗi, da damina kuɗi. Wai yaushe saniya ke biyan mutum ne?

JAURO: Da Babbar Salla. In an ciyar da ita.

A nan ne lissafin Alhaji ya karkace. Layya ta 2024 a tsakiyar Yuni ta faɗo, ta 2025 a farkonsa, kullum tana ja baya da wajen kwana 11. Ke nan san da za a kai kasuwa, a tsakiyar rani ake turke shi a yi masa hidima, lokacin da wayar Alhaji ke fama da hazo. Duk da haka ya sa aka loda farin sansa zuwa kasuwar Tulaku, kusa da Ashaiman, aka sauke shi a gefen bijiman da manyan motoci suka kwaso daga Burkina Faso ta Paga, masu tozo yana rawa.

SARKIN FAWA: (ya zagaya san, ya matsa gindin wutsiya) Alhaji, wannan sa ne ko alkawarin sa?

ALHAJI: Kai dai taya. Ɗan gida ne, bai sha wahalar mota ba.

SARKIN FAWA: Gara da bai sha ba, da bai iso ba. Dubi haƙarƙari kamar rodin shagonka, ana ƙirgawa daga bakin titi. Ni nama nake sayarwa a kilo. Wannan in na yanka, mai fata ne zai ci riba.

Ya raɗa masa tayi a kunne. Alhaji ya yi baya, hularsa ta kusa faɗuwa.

ALHAJI: Albarka! Kuɗin rago ke nan!

SARKIN FAWA: Ragon ya fi shi mai.

ALHAJI: Jauro, mayar da shi. Ba a haifi wanda zai cuce ni ba.

JAURO: Kuɗin motar zuwa da na komawa fa?

ALHAJI: Ka kora shi a ƙasa, ya ci ciyawar hanya.

Cikin Agusta, shanu biyu da suka ɗauki ciki a ƙaramar damina suka cika wata 9 suka haihu. Alhaji ya tsaya a ƙofar masallaci bayan la'asar, ga Jauro a gefe, yana ba kowa labari ko ba a tambaye shi ba.

ALHAJI: Allah gafarta Malam, a taya ni godiya. An ce rani zai cinye su, ban kashe ko sisi ba, ga su 30 cif!

LIMAN: Masha Allah. 30 ka ce?

ALHAJI: Cif! Jauro shaida ne.

LIMAN: To nisabi ya cika, Alhaji. Shanu 30 ana fitar da ɗan maraƙi mai shekara 2.

ALHAJI: A'a, Malam, biyun jarirai ne, ko cibiya ba ta bushe ba.

LIMAN: A wurinmu Malikawa, 'ya'ya shekarar iyayensu suke bi.

JAURO: Da ka sallama farin san nan a Tulaku, da yanzu 29 ne.

ALHAJI: Wa ya tambaye ka? Ɗan Boko, kira mini Sarkin Fawa. Ka ce tayin nan nasa na sallama, ya zo yau.

LIMAN: Wanda ya sayar don gudun zakka, tana nan a wuyansa.

JAURO: Kuma uwar gidana ta ce in tuna maka kuɗin dusa. Ta ce in babu, maraƙi ɗaya ya ishe ta.

Alhaji ya zauna a kan dakali, ya cire hula, ya yi ta ƙirga yatsu. Can ya ɗago.

ALHAJI: Jauro, baƙar saniyar nan. Tsakaninka da Allah, nawa ne saniya a cikinta, nawa ne leda?

JAURO: Aradu za su yi rabi da rabi.

ALHAJI: To Allah gafarta Malam, 29 da rabi ne. Sai in akwai nisabin leda.