Ana yabon na'ura, an manta da kwalba da allura

A ranar 23 ga Yulin 2024, Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta gargaɗi asibitocin ƙasar cewa kwalaben da ake zuba jini a cikinsu domin renon ƙwayoyin cuta sun yi ƙaranci, saboda haka kowa ya yi tsimin abin da ke hannunsa. Kwalaben ƙirar BACTEC ne na kamfanin Becton Dickinson, kuma a lokacin kusan rabin ɗakunan gwaje-gwaje na ƙasar da na'urar wannan kamfani suke aiki, na'urar da ba ta karɓar kwalbar kowa sai tata. Kwalaben robar ne suka gagara daga wurin mai kawo su. Na tsawon watanni, likitoci a ƙasar da ta fi kowace ƙasa kashe kuɗi a kan kiwon lafiya suka koma auna wane majinyaci ne ya cancanci a ɗebi jininsa, wane ne zai haƙura.

Abin da ya tunzura ni shi ne yadda aka shafe batun da zarar kwalaben sun dawo, kamar ba a yi ba. Kanun labaran kimiyya sun koma inda suka saba: sabuwar na'ura mai gano ƙwayar cuta cikin mintuna, sabuwar manhajar ƙirƙirarriyar basira da za ta karanta sakamako fiye da ƙwararre, sabon kamfani da ya tara miliyoyin daloli a kan alkawarin kawo ɗakin gwaji cikin aljihu. Ra'ayin da ke ƙarƙashin wannan ɗoki shi ne cewa gano cuta magana ce ta kaifin na'ura, kuma duk ranar da na'ura ta yi kaifi sosai matsalar ta ƙare. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma kuskure ne mai cutar da marasa lafiya, domin ya sa an bar jaki ana dukan taiki.

Ba na musun abin da na'urori suka kawo. Dabarar PCR, wato ninka ɗan guntun DNA har a iya gano shi, da Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983 ta sauya fannin gaba ɗaya, kuma gwajin GeneXpert da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2010 yana gano tarin fuka cikin abin da bai kai awa biyu ba, alhali renon ƙwayar yana cin makonni. Amma kowace daga cikin waɗannan na'urori abin da aka zuba mata take karantawa. Ba ta ga majinyaci ba, ba ta ga hannun da ya riƙe allura ba, kuma ba ta da hanyar sanin ko ƙwayar da ta gano daga cikin jini ta fito ko daga bayan fata.

Yana da kyau a tsaya a kalli abin da ke faruwa a daƙiƙun da allura take shiga jijiya, domin a nan ne rigimar take. Fatar kowane ɗan Adam cike take da bakteriya marasa illa, musamman wadda ake kira Staphylococcus epidermidis, kuma wasu daga cikinsu suna ɓoye a cikin ramukan gashi da kafofin gumi, inda maganin goge fata ba ya kai wa. Bakin allura yana yanko ɗan guntun fata wanda ido ba ya gani, jinin farko ya tafi da shi cikin kwalba. A cikin kwalbar akwai ruwan abinci da aka haɗa musamman domin ƙwayoyin cuta su hayayyafa, sannan a saka ta cikin na'ura mai ɗumi kusan irin na jikin mutum, wadda take auna iskar da ƙwayoyin ke fitarwa duk bayan minti goma. Bayan kwana ɗaya ko fiye, ƙararrawa ta buga. Ma'aikacin ɗakin gwaji ya shafa ɗigo a kan gilashi, ya rina, ya leƙa ta madubin ƙara girma, ya ga dunƙulallun ƙwayoyi a cure wuri guda. A wannan mataki ba ya iya bambance su da Staphylococcus aureus, wadda ke kisa idan ta shiga jini, don haka dole ya kira ɗakin majinyata nan take, ko da tsakar dare ne. Likitan da aka tasa ba zai yi caca da ran mutum ba: zai rubuta maganin vancomycin, wanda ake sa wa ta jijiya kuma yake iya taɓa ƙoda, a sake ɗibar jini, wani lokaci a cire robar da ke jijiyar majinyaci a saka sabuwa, a ɗage sallamar da aka shirya yi masa. Bayan kwana biyu a gano cewa ƙwayar fata ce. Na'urar ba ta yi kuskure ko ɗaya ba a cikin wannan labari.

Shekaru da dama ma'aunin da aka yarda da shi shi ne kada gurɓatattun samfuran jini su wuce kashi 3 cikin 100, kuma a 2022 cibiyar CLSI, mai tsara ƙa'idojin ɗakunan gwaje-gwaje, ta ce idan aka bi hanyoyin da suka dace ya kamata a nufi kashi 1. Kashi 3 yana kama da ƙaramin abu har sai an tuna cewa mafi yawan kwalaben da ake renon ba sa fitar da komai. A ɗauka an gwada mutum ɗari, goma suka nuna akwai ƙwaya, uku daga cikinsu na gurɓacewa ne. Ke nan kusan ɗaya cikin uku na kiran gaggawar da ake yi wa likita ƙarya ne. Binciken da Mario Plebani da Paolo Carraro suka yi a Italiya ya nuna cewa kashi 68 cikin 100 na kurakuran ɗakin gwaji suna faruwa ne tun kafin samfuri ya isa na'ura, kuma da suka maimaita shi bayan shekara goma, a 2007, adadin yana kusan kashi 62. A tsakanin waɗannan shekaru na'urori sun sauya ƙwarai, wurin da kuskure ya fi taruwa kuwa yana nan inda yake.

Akwai masu ƙirƙira da suka fahimci hakan, kuma sun cancanci a ambace su. Na'urorin karkatar da jinin farko, irin su Steripath da Kurin, suna tare ɗan abin da ya fara fitowa, wanda ke ɗauke da guntun fatar nan, su kulle shi a wani ɗan aljihu, sannan su bar sauran ya wuce cikin kwalba. A wani gwaji da aka yi a asibitin Jami'ar Nebraska, wanda aka wallafa a 2017, gurɓacewa ta sauko daga kashi 1.78 zuwa kashi 0.22 cikin 100. Wannan ita ce irin ƙirƙirar da ya kamata ta mamaye kanun labarai, sai dai ba ta da allo mai walƙiya, don haka ba wanda ya damu da ita in ban da masu aikin. Duk da haka ba zan yi mata kirarin da kamfanonin ke so ba. Cibiyoyin karɓar gudummawar jini sun daɗe suna karkatar da jinin farko zuwa wata 'yar jaka kafin su cika babbar, kuma bincike ya nuna cewa fara cika bututun gwaji na yau da kullum kafin a cika kwalbar reno shi ma yana rage gurɓacewa. Dabarar tsohuwa ce kuma mai arha. Abin da yake sabo shi ne kwanson roba da haƙƙin mallaka da aka lulluɓe ta da su, har kamfanonin da ke yin na'urorin biyu suka je kotu a kansa. Kuma babu ɗayansu da zai ceci samfuri idan mai ɗibar jini bai goge fata da kyau ba, ko bai jira maganin ya bushe ba, ko ya sake taɓa wurin da yatsa yana laluben jijiya, ko ya manta ya goge murfin kwalba.

Sai batun yawan jini, wanda masu tallan ɗigo ɗaya ba sa son a tayar. A jikin baligi mai fama da cuta a jini, sau da yawa ƙwayoyin ba sa kai ɗaya a cikin kowace mililita. Shi ya sa ƙa'ida ta ce a zuba mililita 8 zuwa 10 a kowace kwalba, kwalba biyu a kowane zubi, a yi zubi biyu daga wurare daban-daban, domin idan ƙwaya ta fito a wuri ɗaya ba ta fito a ɗayan ba, a fara zargin fata. Wannan lissafi ne kawai, kuma kaifin na'ura ba ya sauya shi, domin ba za ta gano abin da bai shiga cikin ɗigon ba. An taɓa ƙiyasta darajar kamfanin Theranos a kan dala biliyan 9 saboda alkawarin gwaje-gwaje masu yawa daga ɗigon jinin yatsa, kuma a 2022 aka yanke wa shugabarsa Elizabeth Holmes hukuncin ɗaurin fiye da shekara 11 saboda damfarar masu zuba jari. An ɗauki labarin a matsayin na mace ɗaya mayaudariya, aka ƙi duba dalilin da ya sa manyan masu kuɗi suka gaskata ta cikin sauƙi, wato imaninsu cewa ɗibar samfuri ƙaramin aiki ne da fasaha za ta share.

Abin da ya fi muni shi ne cewa ƙaruwar kaifin na'ura tana ƙara girman illar ƙazanta. PCR tana ninka ɗan guntun DNA sau miliyoyi, kuma ba ruwanta da ko mai shi yana raye ko ya mutu, ko daga ina ya fito. 'Yan sandan Jamus sun ɗanɗana wannan. Sun shafe shekaru suna neman wata mace ruwa a jallo, wadda aka samu DNA ɗinta a wuraren aikata laifi kusan 40 a Jamus da Ostiriya da Faransa, har da wurin da aka kashe wata 'yar sanda a garin Heilbronn a 2007. An sa ladan Yuro 300,000 ga duk wanda ya taimaka aka kama ta. A watan Maris na 2009 aka gano cewa babu wannan mai laifi a duniya: DNA ɗin na wata ma'aikaciya ne a masana'antar da ke haɗa tsinken audugar da masu bincike suke shafar wuraren da shi. An tsarkake tsinkayen daga ƙwayoyin cuta masu rai kamar yadda aka rubuta a jikin kwalinsu, amma irin wannan tsarkakewa ba ta rusa DNA. Sai a 2016 aka fitar da ƙa'idar ISO 18385 domin kayan ɗibar samfuri na binciken laifuka. Asibiti ba ya cikin wata duniya dabam. A watan Fabrairun 2020 kayan gwajin korona na farko da CDC ta rarraba wa jihohin Amurka sun zo da matsala, har ruwan da babu komai a cikinsa yana nuna alamar cuta a wasu ɗakunan gwaji, kuma bincike ya danganta hakan da gurɓacewa a wurin haɗa kayan. Makonni masu tsada suka salwanta a daidai lokacin da annobar take bazuwa.

Da aka gyara gwajin kuma, sai tsinken auduga ya yanke. Duniya ta wayi gari ta ga cewa irin tsinken da ake zurawa can cikin hanci kamfanoni ƙalilan ne ke yin sa, manyansu Copan a Brescia ta Italiya, yankin da annobar ta fi yi wa ɓarna a lokacin, da Puritan a jihar Maine ta Amurka, har sai da jirgin sojan saman Amurka ya je Italiya ya kwaso su. Na'urorin PCR suna zaune a ɗakunan gwaji suna jiran sanda mai gashi a baki. Bayan shekara huɗu aka maimaita wasan da kwalba.

Masu cewa ƙirƙirarriyar basira za ta koyi bambance ƙwayar fata da ta jini suna mantawa da cewa ita wannan ƙwayar fatar tana haddasa cuta ta gaske ga mai bawul ɗin roba a zuciya ko jaririn da aka haifa bakwaini, don haka manhajar hasashe kawai za ta yi, kamar yadda likitan tsakar dare yake yi. Masu cewa ƙasashe matalauta su tsallake renon ƙwayoyin cuta su tafi kai tsaye ga na'urorin zamani kuwa, yawanci su ne masu sayar da na'urorin. Reno ne har yanzu yake nuna a zahiri wane magani ne ke kashe ƙwayar da ke jikin wannan majinyaci, kuma a duniyar da bijirewar bakteriya ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kowane sakamakon ƙarya da ya sa aka ɗura wa mai lafiyayyen jini maganin vancomycin ƙarin itace ne a wannan wuta. Rashin kunya ne a riƙa shirya tarukan ƙasa da ƙasa a kan bijirewar ƙwayoyin cuta, a kwana ana jawabi, ba tare da an tambayi ko asibitoci nawa ne suka san adadin gurɓatattun samfuransu ba.

Daga nan ya kamata a fara. Kowane asibiti da ke renon jini ya ƙirga gurɓatattun samfuransa duk wata, ya kuma auna yawan jinin da ke shiga kwalabensa, ya sanar da ma'aikatansa sakamakon. A mayar da ɗibar jini aikin ƙwararru da aka horar kuma ake biya, domin an daɗe da sanin cewa inda ake da irin waɗannan ma'aikata gurɓacewa tana raguwa, a daina jefa shi kan nas ɗin da ke kula da gadaje da yawa a lokaci guda. Hukumomin da ke ba da lasisi su riƙa tambayar mai sabuwar na'ura yadda take aiki da samfurin da aka ɗiba a ɗakin gaggawa cikin cunkoso, su kuma daina amincewa da tsarin da zai ɗaure rabin ƙasa ga kwalbar kamfani ɗaya.