Faifan dala ɗari: Nipsey Hussle da mawaƙanmu na gida

A watan Oktoban 2013, wani mawaƙin gambara ɗan kudancin Los Angeles ya yi abin da mutane da yawa suka ɗauka zautuwa ce. Ya buga faifansa mai suna Crenshaw guda 1,000 kacal, ya ce kowane ɗaya dala 100 ne. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne waƙoƙin da ke cikin faifan suna nan kyauta a intanet, duk mai so ya sauke. Amma kafin kwana ɗaya ya cika faifan ya ƙare ƙaf, dala 100,000 ta shiga hannunsa. Fitaccen mawaƙin gambara Jay-Z kaɗai ya sayi guda 100. Sunan yaron Ermias Asghedom, duniya kuma ta san shi da Nipsey Hussle.

Tunda na zo Amurka nake jin labarinsa a bakin mutane iri-iri, daga masu aski har direbobin tasi 'yan Habasha da Eritiriya, waɗanda ke ɗaukarsa ɗansu na cikinsu. Ni ba gwanin sauraron gambarar Amurka ba ne, akwai baitocin da ba zan iya kunnawa a gaban yara ba. Abin da ya riƙe ni a labarinsa daban ne: tambayar wa ke ciyar da mawaƙi, kuma me mawaƙin ke bayarwa a madadin abincin.

An haife shi a 1985. Mahaifinsa ɗan Eritiriya ne da ya baro ƙasarsa lokacin yaƙi, mahaifiyarsa kuma baƙar fatar Amurka. Ya tashi a unguwar Crenshaw a shekarun da hodar iblis da bindiga suka riƙe unguwannin baƙaƙe a wuya. Yana ɗan shekara 14 ya bar gida, ya shiga dabar Rollin' 60s, wani reshe na babbar dabar Crips, makaranta ma bai ƙarasa ta a lokacin ba. Idan na ce daba, kada mai karatu ya hango yaran da ke fitowa da gariyo da adda ranar zaɓe ko ranar hawan Sallah. A nan daba gado ce, wani kakansa ma a ciki ya tsufa. Launin rigarka da layin da ka fito su ne ke yanke maka titin da za ka bi da wanda ba za ka taka ba. Bai taɓa ɓoye cewa shi ɗan ciki ne ba, har ya mutu.

Yana ɗan shekara 19 mahaifinsu ya kai shi Eritiriya tare da yayansa, suka yi wata uku. A hirarrakinsa ya sha komawa kan wannan tafiya: yadda ya ga kakarsa, ya ga dangi na zama su ci abinci tare kullum, ya ga ƙasar da shugaba da ɗan sanda da mai kanti duk baƙaƙe ne kamarsa. Mu da ke renon 'ya'ya a nan ya kamata wannan ya tsaya mana a rai. Da yawanmu muna jinkirta kai yara gida saboda tsadar tikiti, ko tsoron zazzaɓi, ko jiran sai an gama ginin da ba ya ƙarewa. Yaron nan wata uku kawai ya yi, ya dawo da wani ma'auni na daban da yake auna unguwarsu da shi.

Da ya dawo ya duƙufa kan waƙa. Yana sayar da faifansa daga bayan mota a wani filin ajiye motoci da ke mahaɗar titin Slauson da Crenshaw. Ya taɓa shiga hannun kamfanin waƙa na Epic, zaman bai yi daɗi ba, suka rabu a 2010, ya kafa nasa mai suna All Money In. A nan ne ya gane abin da mawaƙan Amurka da yawa ba sa ganewa sai sun tsufa. Kamfani zai ba ka maƙudan kuɗi tun kafin ka shiga situdiyo, ka sayi mota da sarƙa kana murna, alhali bashi ne da za a cire daga cinikin waƙarka, kuma asalin naɗin waƙar ya zama mallakar kamfanin. Ana iya shekara talatin ana jin muryarka a rediyo, kaso mafi tsoka yana tafiya aljihun wani. Shi ya sa ko da ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Atlantic a 2017, sai da ya tabbatar waƙoƙinsa sun zauna a hannunsa.

To, mu dubi gida. Mu ma muna da ubangida, sai dai namu mutum ne mai rawani ko mai babbar riga. Narambaɗa da Ɗanƙwairo a fada suka yi suna: sarki ya ba da doki, ya ba da riga, ya ba da hatsi, mawaƙi ya ba shi suna da ba ya mutuwa. Shata ya fi su 'yanci, don shi kowa nasa ne, daga sarki har direban babbar mota, amma shi ma tukuicin wanda aka wasa ne ke riƙe da shi da 'yan amshinsa. Wannan tsari yana da mutuncinsa a zamaninsa, kowa ya san haƙƙinsa. Abin da ya gaje shi a yau shi ne ɗan siyasa. Duk shekarar zaɓe sai situdiyo su cika, a yi wa ɗan takara waƙa, a yi wa abokin hamayyarsa zambo, a raba motoci. Zaɓe na wucewa kasuwa ta mutu sai bikin aure. Kuma farashin wannan dogaro ba ƙarami ba ne. Mun ga yadda aka far wa gidan Rarara a Kano da wuta a watan Maris na 2023 bayan an faɗi sakamakon zaɓen gwamna. Ko kana son waƙarsa ko ba ka so, abin ya nuna cewa wanda ya jingina da ɗan siyasa yakan gaji abokan gabarsa gaba ɗaya.

Ana yawan zagin mawaƙanmu da cewa maroƙa ne. Ni dai ina ganin mu masu sauraro ba mu da bakin faɗin haka. Yaushe rabon da ɗayanmu ya sayi waƙa? Da can aƙalla ana sayen kaset da faifai a Ƙofar Wambai, ko da rabin abin da ke kasuwar na satar fasaha ne. Yanzu kuwa sai ka miƙa wa mai tura waƙa wayarka a bakin titi, ya cika maka ita da waƙoƙi ɗari biyu a kan kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba, ko sisi bai isa ga wanda ya kwana yana rera su. Wanda bai je wurin mai turawa ba, an jefo masa a WhatsApp. Mun toshe wa mawaƙi duk wata ƙofa ban da ƙofar gidan mai kuɗi, sannan idan muka gan shi a tsugune a can mu ce ba shi da zuciya.

Abin da Nipsey ya yi a 2013 amsa ce ga irin wannan. Ya san ba zai iya hana mutane saukar da waƙa kyauta ba, don haka bai ɓata lokacinsa yana yaƙi da su ba. Sai ya nemi mutum dubu ɗaya da ke alfaharin biya. Kowane faifai da lambarsa da sa hannunsa, kuma mai shi yana da tikitin shiga wasan da zai yi. Bayan shekara guda ya sake gwadawa da wani faifan, guda 100 a kan dala 1,000 kowanne. Idan ka lura, wannan bai yi nisa da liƙi ba. Bahaushe ya san daɗin a gan shi yana yi wa mawaƙi kyauta. Bambancin shi ne mu muna liƙa wa mawaƙi ne don ya ambaci sunanmu da na kakanninmu, su kuwa sun biya ne don ya ci gaba da faɗin abin da ya ga dama. Mai ubangida ɗaya dole ya auna kowane baiti da fuskar ubangidan. Mai iyayen gida dubu, in ɗaya ya yi fushi, saura 999 na nan.

Kuɗin bai kwashe su ya koma unguwar masu hali ya rufe ƙofa ba. A 2017 ya buɗe kantin tufafi mai suna The Marathon Clothing a daidai filin da yake tallan faifai a da, ya riƙa ɗaukar yaran unguwa aiki, har da waɗanda suka fito daga kurkuku, waɗanda a ƙasar nan samun aiki ke yi musu wuya ƙwarai. A 2018 ya buɗe Vector 90, wurin da matasa ke zama su yi aiki su koyi ilimin kimiyya da kwamfuta. A shekarar ce kuma kundinsa Victory Lap ya fito, ya shiga takarar Grammy, babbar kyautar mawaƙa ta Amurka. Farkon 2019 shi da abokin kasuwancinsa suka saye rukunin shagunan da kantin ke ciki baki ɗaya.

Ranar 31 ga Maris 2019 aka harbe shi a ƙofar wannan kanti, da rana tsaka, yana ɗan shekara 33. Wanda ya harbe shi, Eric Holder, ɗan dabarsu ne. A kotu an ji cewa 'yar magana ce ta haɗa su, kan raɗe-raɗin cewa Holder na kai wa 'yan sanda tsegumi. Holder ya tafi, bayan 'yan mintoci ya dawo da bindiga biyu. Dama an riga an shirya cewa washegarin ranar Nipsey zai zauna da shugabannin 'yan sandan birnin kan yadda za a rage zubar da jini. A 2023 aka yanke wa Holder ɗaurin shekara 60 zuwa rai da rai.

A nan ne nake jan birki idan na ji samarinmu na gambara suna kwaikwayon Amurka ido rufe, suna nuna yatsu kamar bindiga a bidiyo, suna kiran sunayen dabobin da ba su san adadin gawar da ke bayansu ba. Faɗan mawaƙa ba baƙo ba ne a wurinmu. Muna da zambo mai sa mutum ya kasa fita kasuwa, muna da habaici, muna da kirarin kai da babu mawaƙin Amurkan da zai nuna wa Shata shi. Amma Shata ya rasu a 1999 da furfurarsa, Ɗanmaraya Jos ya rasu a 2015 bayan ya tsufa da kuntiginsa. A nan kuwa mawaƙan gambara Tupac da Biggie harbe su aka yi, Tupac yana da shekara 25, Biggie yana da 24. Ta wannan fuskar ba mu da abin koyo a wurinsu ko kaɗan. Ina jin daɗin irin su ClassiQ da DJ AB idan suka tsaya a Hausarsu da wasan kalmominsu, don a nan ƙarfinsu yake.

An yi taron makokinsa a Staples Center, wurin da ke ɗaukar mutum kusan 20,000, aka karanta wasiƙar ta'aziyyar Obama, aka zaga da gawarsa cikin unguwannin da ya tashi. A 2020 aka ba shi Grammy biyu yana ƙasa. Amma abin da ya fi waɗannan amfani ga 'ya'yansa biyu shi ne takardun da ya ƙi sa wa hannu yana raye. Duk sanda aka kunna waƙarsa a Spotify ko YouTube, akwai kason da ke tafiya gidansa. Ka je YouTube ka nemi tsofaffin mawaƙanmu, za ka tarar da su birjik a shafukan mutanen da kawai suka tsinci tsohon kaset suka ɗora.

Mu mazauna waje ya fi kamata mu fara gyara wannan, don mu ne ke da katin banki da ke aiki a ko'ina, kuma mun saba biyan kuɗin wata-wata na kallo da sauraro ba tare da ƙorafi ba. Amma ka halarci bikin Hausawa ko taron Sallah a kowane birni na ƙasar nan ka gani. Za a haɗa kuɗi a ɗauko mawaƙi, a yi ta zuba masa dala a goshi muddin yana kiran sunan Alhaji da Hajiya. Da an tashi, wanda ya liƙa dala 200 shi ne zai dafa kafaɗarka a wajen ajiye motoci ya ce, "Ɗan'uwa, don Allah in kana da sabuwar waƙar nan tasa ka turo min."