Wa ya ce sai da baƙin kaya ake jimami?

Jama'a, ni dai ban yarda a auna zafin rashin da mutum ya yi da launin rigarsa ba.

Ku duba abin da ya faru a Tailan a Oktoban 2016, da Sarki Bhumibol ya rasu. Gwamnati ta ce ma'aikatanta su yi shekara guda cikin baƙaƙen kaya. Kafin ka ce kwabo baƙar riga ta yi wuyar samu, 'yan kasuwa suka tsawwala mata kuɗi, har aka kakkafa wuraren rini na kyauta, talaka ya kai tsohuwar rigarsa a tsoma masa. Wanda tsautsayi ya fito da shi cikin riga mai haske kuwa, sai a ɗauki hotonsa a watsa a intanet, a yi ta yi masa ruwan zagi. Wataƙila bawan Allah ya fi masu zaginsa kuka, kuɗin sabuwar riga ne ba shi da su. Sai da hukuma ta ba jama'a haƙuri, ta ce ɗan baƙin ƙyalle a ƙirji ma ya wadatar.

Launin ma ai ba ɗaya ba ne. 'Yan Hindu da Sinawa fari suka sani, Ashantawan Ghana ja da baƙi, Yahudawa kuwa yaga rigar suke yi daidai ƙirji. Musulunci ya kayyade zaman makoki kwana 3, matar mamaci ta yi takabar wata 4 da kwana 10, ta bar ado da turare da kwalli.

Alamar tana da amfaninta, ban musa ba. Ka ga ƙyalle a damtsen mutum, sai ka sassauta murya, ka rage barkwanci, ba sai ya yi maka bayani ba. Inda gizo ke saƙa shi ne ranar da alamar ta zama tilas, 'yan kallo suka zama alƙalai.

Kuma a wuyan mata nauyin yake ƙarewa. Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta sa baƙi tun rasuwar mijinta Albat a 1861 har ta mutu a 1901. Ita ganin damarta ta yi, amma matan zamaninta aka ɗora musu shekara biyu ko fiye cikin baƙi, da mayafi har fuska. Namijin da matarsa ta rasu fa? Ya ɗaura baƙin ƙyalle a hula, ya koma harkokinsa, in ya so ma ya sake aure.