Idan ƙwauri ya karye, a fara da hoton ƙashi

Ƙannena samari, masu buga ƙwallo a filin unguwa da masu hawa babur uku-uku, da ku nake. Ranar da ɗayanku ya faɗi ƙafa ta karye, galibi babu iyaye a wurin, ku abokai ne za ku ɗauke shi. Inda kuka fara kai shi na iya zama silar tsirar ƙafar nan ko rasa ta.

Ƙashi biyu ne a ƙwauri, babba a gaba mai ɗaukar nauyin jiki, da siriri a gefensa. Taɓa naka ka ji, fata kawai ce a kan babban, shi ya sa yakan huda ta ya leƙo idan ya karye. In an ga haka, ko da ɗan rauni ne a daidai karayar, don Allah kada a tura ƙashin ciki, kada a zuba toka ko garin magani. A rufe da tsumma mai tsabta, a tallafe ƙafar da katako ba tare da matsewa ba, a nufi asibiti. Can za a wanke, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar tetanus. Ƙwayar cuta in ta shiga ɓargo, sai a yi shekaru ana fama da ƙashi mai zubar da mugunya.

Na san abin da za a ce: a kai wa mai ɗori, asibiti yanke ƙafa suke yi. Ban raina masu ɗori ba, sun yi wa kakanninmu hidima lokacin da babu likita. Amma hannu ba ya ganin abin da ke cikin nama. Ga kuma babban hatsarin: ƙafar da ta karye kumbura take yi, naman ƙwauri kuwa yana cikin tantani mai tauri da ba ya buɗewa. In aka jera karare aka ɗaure tamau, jini ya rasa hanya, cikin awa 6 zuwa 8 nama ya fara mutuwa. Yaro yana ihu ana ce masa ya yi ta maza, ɗori ne yake kamawa. Bayan kwanaki yatsu su yi baƙi, wari ya tashi, sai a lokacin a kwashe shi zuwa asibiti, likita kuma ba shi da abin yi sai yankewa don a ceci rai. Daga nan labari ya bazu cewa asibiti ya yanke ƙafa. Ciwon da ke ƙaruwa duk da an sha magani, yatsu su yi sanyi ko su mutu, ko a motsa yatsa yaro ya ƙwalla ƙara, wannan ba ya jiran wayewar gari, ko da filastar asibiti ce a ƙafar.

Kuma ba kowace karaya ake yi wa tiyata ba. In hoto ya nuna ƙashi bai goce sosai ba, gyara shi ake yi a sa filasta tun daga cinya, bayan makonni a mayar da ita gajera. In ya goce ko ya farfashe, a sa ƙarfe. Ga wanda bai gama girma ba akan zura siraran ƙarafa masu lanƙwasuwa ta cikin ɓargo, a kauce wa wurin da ƙashi ke tsawo kusa da gwiwa da idon sawu, domin in wurin ya lalace ƙafa na iya gajarcewa ko ta karkace. Wanda ya gama girma a sa masa sanda guda mai ƙarfi. Mai babban rauni kuma a kafa masa ƙarfe ta waje har ciwo ya warke. Aikin gyaran ƙashi shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano yake yi tun 1959, haka ma asibitocin koyarwa. Kuɗi kam ana kashewa, amma bai kai na ƙafar roba da zaman gida ba.

Saura haƙuri, wanda shi ne ya fi ba ku wuya. Ƙwaurin saurayi yakan ɗauki wata 3 zuwa 4 kafin ya haɗe, wani ma ya wuce haka. Kada ka yanke filasta don ƙaiƙayi, kada ka tura tsinke a ciki, kada ka taka sai likita ya ce ka taka. Ka ajiye sigari da shisha, suna jinkirta haɗewar ƙashi. Ƙwallo kuwa, ko ’yan ƙungiyarku sun zo har gida suna roƙo saboda wasan ƙarshe, ka ce musu sai an sake hoto an ga ya haɗe.