Na shiga mashaya a Brussels, shayi na sha

Na san wasu za su ce me ya kai ni, amma ku bari in ƙarasa tukuna. Wata abokiyar aikinmu ce za ta bar ofis, aka shirya mata zaman bankwana a wata 'yar mashaya cikin wani lungu na tsohon garin Brussels, babban birnin Beljiyam. Teburan ba su fi takwas ba. Kowa ya san ba na shan giya, kafin ma in gyara zama an ajiye mini shayin na'a-na'a. Da niyyar in gaisa in fice na shiga, sai ga ni na kwashe awa biyu.

Mai wurin ne ya riƙe ni. Dattijo ne, kowace kwalba ya ɗauko sai ya ba da tarihinta kamar mai jero asalin gidan sarauta. Kowace giya da kofinta, ba ya yarda a haɗa. Wani cikinmu ya ce a zuba masa wata giya mai suna Orval a tambulan ɗin da ke gabansa, dattijon nan ya dube shi kamar ya zagi iyayensa, ya je ya kawo mai faɗin baki. Akwai wata da ake kira Kwak, kofinta ba ya iya tsayuwa da kansa, a jikin mariƙin katako ake saƙale shi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne masu yin giyar da suka fi ji da ita. 'Yan zuhudun Katolika ne, waɗanda ake kira Trappist, mutanen da suka bar duniya suka tare a gidajen ibada: Chimay, Orval, Rochefort, Westmalle da Westvleteren. Sharaɗinsu shi ne a yi ta a harabar gidan ibadar, a ƙarƙashin idonsu, ribar kuma ta tafi hidimar gidan da taimakon mabuƙata. Na yi ta juya wannan a raina, sadaka da kuɗin giya. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Sai wata mai tsami da suke kira lambic. Ba a sa mata yis. A bar ruwan dafaffen sha'ir da alkama a buɗe cikin wani faffaɗan kasko ya kwana a sanyin hunturu, iskar kwarin kogin Senne ta yi aikinta, sannan a ɗura a gangunan katako har shekara 3. Da dattijon ya zo nan a bayaninsa sai na tuna ƙullun da ake bari ya kwana ya yi tsami, na ce ashe dabarar ɗaya ce. Gidan giya na Cantillon da ke yankin Anderlecht a Brussels tun 1900 suke wannan sana'a. A 2016 kuma hukumar UNESCO ta sa al'adar giyar Beljiyam cikin kayan gadon ɗan Adam.

To ga inda na tsaya. Na yaba yadda suka san abinsu, ba zan ɓoye ba. Amma duk wannan ado, da kofi na musamman, da hoton gidan ibada a jikin kwalba, yana rufe abu ɗaya: ƙarfinta. Giyar da aka saba gani ba ta cika wuce kashi 5 cikin ɗari na barasa ba. Westmalle Tripel tana da 9.5, wadda ake kira "Rochefort 10" kuma ta haura 11. A teburinmu babu wanda ya ce ya zo buguwa, kowa "ɗanɗanawa" yake yi, ana shinshina ana yaba ƙamshi. Wanda ya fi kowa iya bayanin, bayan kwalba ta uku ni na riƙe masa hannu har tashar jirgin ƙasa, yana ta rantse mini cewa garau yake.

Kuma tun a wurin zuciyata ba ta kwanta da zama a teburin ba, na san abin da malamai suka faɗa a kai. Washegari na gaya musu, in an tashi wani bankwanan ni zan zaɓi wuri. Akwai gidajen abincin 'yan Kwango a unguwar Matonge, kaza da soyayyiyar ayaba. Mutum biyu sun riga sun ce suna ciki, har da wanda na raka tasha.